Dusa, ɓawo ko tuƙa: wane ragowar amfanin gona ya dace da wace tsutsa?

Duk wanda ya yi niyyar kiwon tsutsa, tambayar da yakan fara yi ita ce wace iri zai nemo. A ganina akwai tambayar da ta riga wannan: wane ragowar amfanin gona kake iya samu kullum, a kusa da kai, ba tare da ya yanke ba? Tsutsa ba ta san injin niƙa ya tsaya ba, ba ta san mota ta lalace a hanya ba. Daga ranar da ta ƙyanƙyashe har ranar da za a kwashe ta ci take yi dare da rana, kuma abin da ta ci shi zai nuna girmanta, da yawan kitsenta, da ma ko ta dace a ba kaza ko a sa a bakin mutum.

Ƙwarin da ɗan Adam ke ci suna da yawa. Rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2013 ya ƙirga sama da nau'i 1,900, amma kusan dukkansu kamo su ake yi a daji idan lokacinsu ya zo. Waɗanda suka yarda a tsare su a baho su hayayyafa a ɗaki har shekara ta zagayo 'yan kaɗan ne, kuma a cikin masu tsutsa biyu suka fi shahara. Ta farko tsutsar baƙin ƙudan soja ce, wanda masana ke kira Hermetia illucens. Ta biyu tsutsar gari ce, 'yar wani baƙin ƙwaro mai suna Tenebrio molitor, wadda asalinta ɓarna take yi a buhunan gari da ɗakunan ajiyar hatsi kafin a mayar da ita abin kiwo. Akwai ta uku, ta ƙwaron da ke huda kwakwa da dabino, zan taɓo ta can gaba.

Halin biyun farko ya sha bamban ƙwarai. Tsutsar ƙudan soja jiƙaƙƙen abinci take so, mai ruwa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Idan wurin yana da ɗumi, tsakanin digiri 24 zuwa 30, cikin kamar mako biyu ta isa kwashewa. Ba ta da ƙyanƙyami. 'Ya'yan itacen da suka fara ruɓewa, dusar da ta yi tsami, duk tana faɗawa. Tsutsar gari kuwa 'yar bushewa ce. A cikin busasshiyar dusa take kwana, ita take ci, ruwan da take buƙata kuma daga ɗan yankin karas ko wani ɗanyen kayan lambu da aka ɗora mata a sama take tsotsa. Takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Ka zuba mata jiƙaƙƙen abu, funfuna ce za ta riga ta ci, sannan wasu ƙananan ƙwari masu kama da ƙura su mamaye tiren. Ke nan tun ba a je ko'ina ba, ruwan da ke cikin ragowar da kake da shi ya riga ya yi maka rabin zaɓi.

Sauran rabin yana cikin wani lissafi da masu tallan wannan sana'a ba su cika yi wa mutane ba. Tsutsa ba ta ƙirƙirar furotin daga iska. Abin da ke cikin abincinta take tattarawa, ta riƙe wani, wani ya fita a kashinta, wani ya tashi ya bi iska da warin amoniya. A ɗauka kana da busasshiyar dusa kilo 100 mai furotin kashi 16, furotin kilo 16 ke nan. A ce ka yi dace ta ba ka busasshiyar tsutsa kilo 20 mai furotin kashi 40, kilo 8 ke nan, rabin abin da ka zuba. Gaskiya ne furotin ɗin tsutsa ya fi na dusa inganci, kuma a dunƙule yake, kifi da kaza sun fi morarsa. Amma idan dusar nan dabba za ta iya cin ta kai tsaye, to ka yi aiki ka kashe kuɗi don ka rage abin da ke hannunka ne, sai fa in tsutsar tana da mai saya da daraja ta musamman. Inda tsutsa ke nuna amfaninta shi ne a kan abin da dabba ba ta iya ci, ko wanda zai lalace kafin ya isa gare ta, ko wanda nauyin ruwansa ya sa ɗaukarsa zuwa nesa asara ce. Da wannan ma'auni nake auna kowane ragowa.

Dusar alkama ita ce ta farko da kowa ke ambata, kuma ta cancanci sunanta. Furotin ɗinta yana kai kashi 15 zuwa 17, tana da sauƙin ajiya, ba ta dunƙulewa, kuma da ita aka saba kiwon tsutsar gari a kusan ko'ina. Matsalarta ɗaya ce, kuma babba: kowa na son ta. Mai kaji yana so, mai shanu yana so, masana'antar abincin dabbobi tana so. Ga mai kiwon tsutsar gari don abincin mutane, wannan ba komai ba ne, domin darajar abin da zai sayar ta ɗauke kuɗin dusa. Ga mai kiwon ƙudan soja don ya ciyar da kaji, zuba zallar dusar alkama kuskure ne. Matsayinta a wurinsa shi ne abincin jarirai a kwanaki biyar na farko, da kuma abin tsane ruwa daga baya.

Dusar masara ta fi ta ƙarancin furotin, wajen kashi 10, amma tana da ragowar sitaci mai ba da ƙarfi, tsutsa takan yi ƙiba a kanta. Dusar shinkafa tana da mai sosai, har kashi 15 ko fiye, shi ya sa take saurin canza wari idan ta daɗe a buhu cikin zafi. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne a bambanta dusa da buntu. Buntu, wato ɓawon waje mai kaushi, cike yake da silika (sinadarin da ke cikin yashi) da ƙaƙƙarfan zare, ba tsutsar da ke narkar da shi. Ƙananan injuna da yawa suna fitar da dusa da buntu a gauraye. Ka murza kaɗan tsakanin yatsu: dusa ta gari tana da laushi, tana ɗan manne wa fata da maiƙo, mai buntu kuwa sukar yatsa take yi. Wanda ya sayi irin wannan da sunan dusa zai ga tire cike, tsutsa kuma tana ramewa.

Yanzu ga waɗanda na fi ba wa muhimmanci: jiƙaƙƙen ragowa mai furotin. Biyu ne a gaba. Ɗaya dusar malt ce, wato hatsin da ke saura a masana'antun lemon malt da na giya bayan an tatse zaƙinsa. Ana raba shi da ruwan ne tun kafin a sa yis, don haka hatsi ne dafaffe kawai, babu barasa a cikinsa. Ɗayar kuma dusar waken suya ce, abin da ke zama a matata bayan an tace madararsa. Dukansu suna fitowa da ruwa wajen kashi 75 zuwa 80, kuma idan aka busar da su furotin ɗinsu yana tsakanin kashi 20 zuwa 30. Ka duba yadda suka faɗa daidai da buƙatar ƙudan soja: ruwan da take so, furotin fiye da na dusar alkama, masara ko shinkafa, kuma an riga an dafa, an farfasa. Ga su da saurin lalacewa, kwana biyu ko uku cikin zafi sun yi tsami sun fara funfuna, busar da su kuma yana cin wuta ko fili mai yawa. Wannan raunin nasu shi ne ƙarfin mai tsutsa, domin ita ba ta damu da tsamin ba. Wanda ke zaune kusa da inda ake fitar da ɗayansu, kuma ya ƙulla yarjejeniyar ɗauka a kai a kai, ya samu tushen sana'a. Abin lura kawai, dusar waken suya tana da laushi har takan toshe, iska ta kasa shiga, furotin ɗin da ya yi yawa kuma ya koma amoniya. In ka sunkuya kan tire ka ji wari yana yaji a hanci da ido, furotin kake asara, sai ka gauraya da abu mai sitaci ko zaƙi.

Ɓawon 'ya'yan itace da ragowar kayan lambu su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi sauƙin samu, har akan roƙe ka ka kwashe. Sai dai ruwa ne kusan kashi 90, furotin kaɗan ne, sukari da yawa. Tsutsar da ta tashi a kansu zalla takan yi jinkiri, ta fito ƙarama, kitse ya fi yawa a jikinta. Na taɓa cika baho da ɓawon kankana da gwanda kaɗai, ina ganin na samu abinci a banza. Da yamma komai lafiya. Da safe ruwa ya kwanta a ƙasan bahon kamar an zuba, gefen robar ya yi gumi, tsutsotsin kuma sun bi wannan laimar sun haura, suna warwatse a ƙasa tururuwa na ja. Waɗanda suka rage a ciki suna can ƙasa cikin ruwa, da yawa sun mutu, domin ta fatar jikinsu da ƙananan ƙofofi suke numfashi. Ban ƙara zuba irin wannan ba tare da busasshen abu ba. A cikin wannan rukuni ɓawon lemo daban yake: man da ke jikinsa yana takura wa ƙwari, sai a sa shi kaɗan-kaɗan cikin sauran.

Gaurayawar ba ta buƙatar ɗakin gwaji. A ce ɓawonka yana da ruwa kashi 90, dusarka kuma kashi 10, kana son ka sauka a kashi 70: kilo 3 na ɓawo da kilo 1 na dusa. In dusar waken suya ce mai ruwa kashi 80, kilo 6 da kilo 1 na busasshiyar dusa sun isa. Bayan sikeli, hannu ne alƙali. Ka damƙi cikin tafi ka matse. In ɗigo kaɗan ya fito tsakanin yatsu kuma dunƙulen ya tsaya da ka buɗe hannu, ya yi. In ruwa ya zubo har gwiwar hannu, ƙara dusa. In ya wargaje, yayyafa ruwa. Jagorar da cibiyar binciken ruwa ta Eawag da ke Switzalan ta wallafa a 2017, bisa aikin da ta yi a Sidoarjo ta ƙasar Indunusiya, ta ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: tsutsa 10,000 'yan kwana biyar a tire mai faɗin santimita 40 da tsawon 60, a ba su kilo 15 na jiƙaƙƙen abinci cikin kwana 12, a raba shi sau uku. Ta kuma ce a daddatsa abincin kada ya wuce santimita ɗaya zuwa biyu, saboda bakin tsutsar ba ya iya fasa babban gutsure. Idan komai ya daidaita, ka cusa hannu cikin tiren za ka ji ɗumi sosai kamar jikin mai zazzaɓi, saman abincin kuma yana motsi a hankali.

Ɓawon rogo abu ne da ake tarawa tsibi-tsibi a duk inda ake sarrafa rogo, kuma yawancinsa ruɓewa yake yi a banza. Yana da sitaci, furotin ɗinsa kuwa bai cika wuce kashi 5 ba. Ga kuma guba: sinadarin da ke sakin gubar sayanayid ya fi taruwa a ɓawo fiye da cikin rogon. Gurzawa, matsewa, barinsa ya yi tsami na 'yan kwanaki ko shanya shi a rana, duk suna rage ta sosai. Hukuncina a kansa shi ne ya dace ya zama abin ba da ƙarfi a cikin gauraye, musamman tare da dusar malt ko ta waken suya, amma shi kaɗai ba ya raya tsutsa yadda ya kamata.

Kara, totuwar masara, tuƙar rake da bambaro, ba sai an daɗe a kansu ba. Zarensu a ɗaure yake da lignin, sinadarin da ke taurara itace, kuma tsutsotsin nan biyu ba su da abin warware shi. Saniya ta fi su iya cin wannan. Niƙaƙƙen kaɗan daga cikinsu yana taimakawa wajen tsane ruwa da buɗa wa iska hanya, iyakarsa ke nan.

Tunkuzar gyaɗa tana da furotin har kashi 45, wato daidai da na tsutsar ko fiye. Ba hikima ba ne a ba tsutsa ita, kamar ɗebo ruwa daga randa ne a mayar rijiya. Angurya da tunkuzarta suna da gosifol, gubar da ke sa a yi hattara da su wa kaji, kuma shanu na cin su lafiya, don haka suna da masu su. Wadda ta fi dacewa a wannan rukuni ita ce tunkuzar ƙwallon kwakwar manja. Furotin ɗinta yana wajen kashi 14 zuwa 18, zarenta ya yi wa kaza yawa, amma idan aka jiƙa ta aka rufe ta yi tsami na 'yan kwanaki, ƙudan soja na cin ta da kyau, har warinta kan jawo uwayen su zo su zuba ƙwai.

Batun tsafta shi ne inda ba na yarda a yi sassauci. Tsutsa tana tattara alheri, tana kuma tattara sharri. Bincike ya nuna ta ƙudan soja tana tara kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, a jikinta fiye da yadda yake a abincin, ta gari kuma takan tara gubar arsenik. Don haka ragowar da aka shanya a bakin titi, ko aka kwaso daga juji inda ake zubar da batura da fenti, bai dace ba ko da kyauta ne. Dusar hatsin da aka zuba wa maganin ƙwari a wurin ajiya kuwa tana iya kashe tire guda cikin dare, domin ita ma tsutsar ƙwaro ce. A kan aflatoksin, gubar funfuna da ke kama masara da gyaɗa, gwaje-gwaje sun nuna tsutsotsin nan biyu ba sa tara ta sosai a jikinsu. Labari ne mai daɗi, amma ban ɗauke shi lasisin zuba ruɓaɓɓen hatsi ba, musamman idan mutum ne zai ci.

Wa zai ci, wannan ma yana canza zaɓi. A Tarayyar Turai an ɗauki ƙwarin kiwo a matsayin dabbobin gona, don haka an hana ba su kashin dabbobi da ragowar abincin gidajen cin abinci. A can an yarda a sa furotin ɗin ƙwari a abincin kifi a 2017, a na kaji da aladu a 2021, kuma a 2021 ɗin ne busasshiyar tsutsar gari ta zama ƙwaro na farko da aka amince a sayar wa mutane su ci. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta yi gargaɗin cewa masu rashin jituwa da jatan lande na iya samun matsala da ita, kuma abin da ke cikin abincinta, kamar gulutin ɗin alkama, yana iya biyo ta har faranti. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma darasin a fili yake: tsutsar da mutum zai ci, a ba ta ragowa mai tsafta wanda aka san daga inda ya fito. Akan kuma bar ta kwana ɗaya ko biyu ba abinci kafin a kwashe, cikinta ya fita, sannan a tsoma ta a tafasasshen ruwa.

Tsutsar ƙwaron kwakwa, dangin Rhynchophorus, tana da mai da yawa, kuma masu cin ta a Afirka da kudu maso gabashin Asiya suna daraja ta. A Tailan ana kiwon ta a baho da niƙaƙƙen cikin itacen sago, wani dangin kwakwa, haɗe da abincin dabbobi. Ta dace da wanda ke da ragowar itacen kwakwa ko rake. Sai dai uwar muguwar maɓarnaciya ce ga dabino da kwakwa, duk wanda ke kusa da irin waɗannan gonaki sai ya tabbatar ba ko ɗaya da zai kuɓuce.

To wa ya kamata ya ɗauki me? In abin da ke hannunka jiƙaƙƙe ne, mai yawa, mai saurin ruɓewa, kuma burinka abincin kaji ko kifi, ƙudan soja ne naka, ka gina abincin a kan dusar malt ko ta waken suya, ka ƙara ɓawon 'ya'yan itace ko na rogo, ka tsane da dusa kaɗan. In busasshiyar dusa mai tsafta kake samu cikin sauƙi, wurinka ba shi da laima sosai, kana da haƙurin wata uku da kasuwar da ke biyan daraja, tsutsar gari ta fi maka, ba ta kuma da wari. In kara da buntu da totuwa ne kawai ke gare ka, shawarata ka bar batun tsutsa, ka nemi wata hanyar morar su. Wanda kuma zai kai samfuri ɗakin gwaji ya sani cewa lissafin da aka saba, na ninka yawan naitirojin da 6.25 don a gano yawan furotin, yana nuna furotin ɗin ƙwari fiye da yadda yake, saboda ɓawon jikinsu ma yana ɗauke da naitirojin. Masu bincike a Jami'ar Wageningen ta Holan sun ba da shawarar a ninka da 4.76 a maimakon haka a 2017.

Kafin ka gina rumfa ko ka sayi tire ɗari, ka ɗauki baho uku. Ka zuba tsutsar ƙudan soja daidai wa daida a kowanne, waɗanda kwanakinsu suka zo ɗaya, ka ba kowanne gauraye daban, ka rubuta nauyin duk abin da ka zuba. Ka ɗora ƙafafun teburin a cikin gwangwanayen ruwa saboda tururuwa, ka rufe da raga saboda ɓera da ƙadangare. Ranar da ka ga tsutsa ta farko ta fara rikiɗa daga fari-fari zuwa baƙi, ka tankaɗe duka ukun da rariya, ka auna tsutsar daban, takin da ya rage daban. Bahon da abincinsa ya daidaita, takinsa zai zubo ta rariya warwas, baƙi, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wanda ya yi ruwa da yawa kuwa zai manne a rariyar, sai ka yi ta tsince tsutsar da hannu ɗaya bayan ɗaya.